Salansar bindiga ta farko: wace ƙaramar bindiga zan haɗa ta da ita?

Zauren Hausawa Mazauna Amurka

Abban Sadiq, Hustan: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar bindiga a ƙasar nan. Tun bara nake zuwa filin koyon harbi, da bindigar haya nake harbawa, yanzu kuma na yanke shawarar mallakar tawa. Damuwata kunne ce. Ko na toshe da soso, in na dawo gida sai na kwana ina jin wani siririn ƙara a kunnen hagu. Shi ya sa nake son in haɗa da salansa tun daga farko. Glock 19, ƙaramar bindiga mai harsashin milimita 9, ce idona ke kai. Dala 1,500 na ware wa duka biyun. Wanne ake fara saya, bindigar ko salansar? Kuma yaya maganar takardu take?

Direban Tirela, Ohayo: Wa alaikumus salam. Kafin komai, wace irin takarda kake zaune da ita? In ka zama ɗan ƙasa ko kana da katin zama na dindindin, hanya a buɗe take. In bizar karatu ce ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga sai a wasu 'yan yanayi da ta keɓe, kuma ba zan ba kowa shawarar ya bi ta wannan siririyar hanyar ba tare da lauya ba.

Abban Sadiq, Hustan: Alhamdu lillahi na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, shekaruna kuma sun haura 21 da nisa.

Malam Sani, Atlanta: To madalla, Teksas kake, babu matsala ta ɓangaren jiha. Bari in ba ka yadda takardun suke.

Salansa tana ƙarƙashin wata tsohuwar dokar tarayya ta 1934, wadda ake kira NFA, rukuni ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta. Ba a ɗauka a biya a fita da ita rana ɗaya. Za ka zaɓa, ka biya dila, ta zauna a kulle a shagonsa. Sai ku cike fom na 4 na ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ta intanet, a ɗauki hoton fuskarka da zanen yatsunka, a aika wa shugaban 'yan sandan yankinku sanarwa, a binciki tarihinka. Sai amincewa ta fito za ka je ka karɓa. Shekarun baya mutane kan yi kusan shekara suna jira. Daga 2024 abin ya yi sauri ƙwarai, masu nema da sunan kansu da yawa cikin 'yan kwanaki ake sallamarsu, sai dai yakan ja idan masu nema suka yi yawa.

Akwai kuma harajin dala 200 da aka sa tun 1934, lokacin da wannan kuɗi ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba, kuma da gangan aka yi haka. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta mayar da shi sifili daga 1 ga Janairu 2026. Harajin kaɗai aka cire. Rajista da zanen yatsu da bincike duk suna nan daram, kada wani ya ruɗe ka.

Hajiya Maman Fadila, Minesota: Ni fa wannan hira ba ta kwanta mini ba. Abban Sadiq ƙanena, me za ka yi da abin da ke ɓoye ƙarar harbi? Mai niyyar alheri ba ya bukatar a kasa jin sa. A Bajiniya Bich, ƙarshen watan Mayun 2019, mutumin da ya kashe mutum 12 a ginin gwamnatin birni ƙaramar bindiga mai salansa ya yi amfani da ita, kuma ta hanyar doka ya saya. Sannan ku tuna ko su wane ne mu a ƙasar nan: baƙar fata, Musulmi, baƙi. A nan jiharmu a 2016 ɗan sanda ya harbe Philando Castile a cikin motarsa, yana da lasisin ɗaukar bindiga, kuma shi da bakinsa ya sanar da ɗan sandan cewa yana ɗauke da ita. Takarda ba ta cece shi ba. Kai kuma ga bindiga ga salansa ga suna irin namu.

Malam Sani, Atlanta: Hajiya, maganarki ta biyu ba ni da ja a kanta ko kaɗan, kuma duk wanda zai sayi bindiga cikinmu ya kamata ya karanta ta sau biyu. Ta farkon ce nake son mu duba tare. Abin da fina-finai suke nunawa, mutum ya harba a ji "fit" na kusa da shi bai farka ba, babu shi a zahiri. Ƙaramar bindiga mai harsashin milimita 9 tana fitar da ƙara wajen desibel 160. Salansa mai kyau tana rage tsakanin 20 zuwa 35. Abin da ya saura, wajen 130, ya fi ƙarar injin yankan itace. Aikinta ɗaya da salansar babur: iskar gas mai zafi da za ta fashe waje lokaci guda, sai a bi da ita ta ƙananan ɗakuna ta huce ta fita a hankali. Babur mai salansa ai ana jin zuwansa, kawai ba ya fasa kunne ne.

Hajiya Maman Fadila, Minesota: Ana ji, amma ana gane cewa harbi ne? Wasu da suka tsira a Bajiniya Bich sun ce da farko ba su ɗauka bindiga ba ce. Sakan nawa ake bukata mutum ya ruga ya ɓuya? Wannan rage ƙarar da kake ganin kaɗan ce, ga wanda ke ƙarshen baranda rai ne.

Malam Sani, Atlanta: Gaskiya ne tana sauya yanayin ƙarar, ba zan musa ba. Abin da zan ce kawai, salansa miliyoyi ne ke da rajista a ƙasar nan, kuma ba kasafai ake samun su a wurin aikata laifi ba, domin ɗan ta'adda ba ya son abin da zai ninka tsawon bindigarsa ya hana shi ɓoye ta a ƙugu, balle ya kai zanen yatsunsa ga gwamnati. A Nowe da Finlan, inda dokar bindiga ta fi ta nan tsauri, maharba da yawa da salansa suke farauta, ana ɗaukar ta a matsayin mutunta maƙwabta da kare kunne.

Anti Nas, Dalas: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma kun wuce abin da ya fi tayar mini da hankali. Abban Sadiq, ƙarar da kake kwana da ita a kunne alama ce cewa an riga an taɓa ƙananan gashin da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti. Waɗannan in suka mutu ba sa sake tsirowa. Ka je a gwada maka ji kafin ka kashe ko sisi a shagon bindiga. Ƙara mai fashewa da ta kai desibel 140 tana iya yin illa a harbi ɗaya tak. Wannan ciwon na jin ƙara a cikin kunne shi ne kan gaba cikin abubuwan da tsofaffin sojojin Amurka ke karɓar diyya a kansu. Soso kaɗai ba ya isa a filin da ke cikin gini, inda ƙara ke dukan bango tana dawowa. A murza soson ya yi siriri, a ja kunne sama a tura shi ciki sosai, sannan a ɗora babban marufin kunne a kai. Kuma ko ka sa salansa, na layin da ke gefenka ba shi da ita, tasa ƙarar za ta same ka. Don haka ba za ka rabu da toshe kunne ba.

Abban Sadiq, Hustan: Na gode Anti, zan nemi ganin likitan kunne cikin makon nan in sha Allahu. Hajiya, na ji, kuma ban ɗauki maganarki da wasa ba. Ba yawo zan riƙa yi da ita ba. Daga gida zuwa fili, a kulle a bayan mota, babu harsashi a ciki.

Direban Tirela, Ohayo: Mu dawo kan Glock 19 ɗin. Bindiga ce da ba ta ba da kunya, kayan gyaranta ko'ina akwai. Amma wadda aka fi sayarwa bakin bututunta ba shi da zare, babu inda za ka ɗaura salansa. Sai ka sayi wani bututun mai zare ka musanya, ƙarin kuɗi ke nan. Na biyu, abin saitinta gajere ne, kaurin salansa zai tare maka gani, sai ka sa dogaye ko ka ɗora abin saiti mai nuna jan ɗigo. In milimita 9 kake so dole, gara ka ɗauki wadda ta fito daga kamfani a shirye: FN 509 Tactical, ko HK VP9 Tactical, ko Beretta M9A4. Sai dai ka duba irin zaren. Yawancin na Amurka 1/2x28 ne, wasu na Turai kuma M13.5x1 ne mai ɗaurewa ta hagu. Ba sa shiga juna.

Malam Sani, Atlanta: Direba ya faɗi gaskiya, amma ni shawarata ta bambanta da tasa gaba ɗaya, kuma a nan nake son in daɗe.

Abban Sadiq, kada ka fara da milimita 9. Ka fara da .22, wato ƙaramin harsashin nan mai kaurin inci 0.22.

Dalili na farko na aikin bindigar ne. Glock da yawancin ire-irenta, in aka harba, bututun yakan ja baya kaɗan ya sunkuya kafin marfin sama ya buɗe ya jefar da kwanso ya ɗauko sabon harsashi. In ka rataya masa nauyin salansa a baki, wannan sunkuyawar takan gagara, bindiga ta riƙa cijewa. Maganin da aka yi shi ne wani fistin mai sifirin a gindin salansar, wanda ke sakin nauyin na ɗan ƙiftawar ido. Yana aiki, amma sai an riƙa cire shi ana gogewa ana shafa masa giris, kuma kowane irin zare da nasa fistin ɗin, kowanne da kuɗinsa. Ruger Mark IV kuwa, ƙaramar bindigar .22, bututunta a kafe yake, ba ya motsi. In mai zare a baki ka ɗauka, ka murɗa salansa ka ɗaure, shi ke nan. Abin saitinta ma a jikin da ba ya motsi yake, salansar .22 kuma siririya ce, yawanci ba ta tare gani.

Na biyu, ƙarar harbi iri biyu ce. Akwai fashewar gas a bakin bindiga, wadda salansa ke ragewa. Akwai kuma tsawar da harsashi ke yi in ya wuce gudun sauti, wato wajen mita 343 a sakan, kuma wannan babu salansar da ke taɓa ta. Harsashin milimita 9 mafi araha, mai nauyin giren 115 (giren shi ne ma'aunin nauyin harsashi), ya fi sauti gudu. Sai ka nemi mai giren 147 kafin ka ji amfanin kuɗinka. Harsashin .22 irin CCI Standard Velocity kuwa a ƙasa da gudun sauti yake tun daga kwali. Da salansa irin Dead Air Mask ko SilencerCo Sparrow ko Rugged Oculus, ƙarar takan sauko ƙasa da desibel 120. Ranar da na fara harba irin wannan haɗin, abin da na fi ji shi ne ƙarar ƙarfen bindigar yana komawa baya da kuma bugun harsashi a jikin allo. Ga mai ciwon kunne, wannan shi ne bambancin da yake nema.

Na uku, aljihu. Da kuɗin kwalin milimita 9 ɗaya za ka sayi na .22 wajen uku. Wanda ke koyo, yawan harbi ne ke gyara masa hannu, kuma rashin ƙara da rashin naushi suna hana shi koyon runtse ido da fizgar kunama. Dala 1,500 ɗinka za ta sayi bindigar da salansar da akwatin ƙarfe mai makulli, har a sami canjin harsasai. In ka bi ta milimita 9, da ƙyar ta kai ka.

Direban Tirela, Ohayo: Malam, .22 fa ba ta tsaron gida ba ce. In ɓarawo ya fasa masa ƙofa da dare fa? Kuma irin harsashin nan yakan ƙi tashi fiye da sauran. Ni gara ya sayi salansa ɗaya babba ta .45, irin Rugged Obsidian 45, wadda za ta ɗauki .45 da milimita 9 duka, ana kuma iya rage mata tsawo. Saye ɗaya, takarda ɗaya. Harsashin .45 mai giren 230 ma a ƙasa da gudun sauti yake da kansa.

Malam Sani, Atlanta: Ka sake karanta tambayarsa, bai ambaci ɓarawo ba, kunne da fili ya ce. Dabarar salansa ɗaya ga bindigogi da yawa ta fi ma'ana lokacin da kowace takarda ke cin dala 200 da jiran watanni. Yanzu da babu harajin, hujjar ta yi rauni. Kuma abin da aka yi don ya dace da komai yakan zo da nauyi da kauri. In daga baya ya ga yana son milimita 9, ya sayi tata, a lokacin ya san abin da yake so da hannunsa.

Baba Alhaji, Bronks: 'Ya'yana, ni daga zangon Kumasi na zo, na daɗe a Niyok, kuma a nan ko taɓa wannan abu laifi ne babba. Ku faɗa wa yara jihohin da aka hana, kada wani ya karanta hirarku ya jefa kansa cikin wahala.

Malam Sani, Atlanta: Allah ya ƙara girma Baba. Jihohi 42 ne suka halatta. Waɗanda suka hana su ne Niyok, Niyu Jazi, Kalifoniya, Ilinoi, Masachusets, Rod Ailan, Delawaya da Hawayi, sai kuma birnin Washintan. Takardar ATF ba ta kare mutum a waɗannan wurare. Wanda aiki zai iya mayar da shi Shikago ko Niyok ya yi tunani kafin ya saya, domin sayar da salansa ta hannu wahala ce, sai an sake bin duk matakan, kuma ba ta daraja.

Ɗan Kurmi, Kano: Ranku ya daɗe, ni daga gida nake bin ku. In mutum ya tura kuɗi, ba za a iya sako masa ɗaya a cikin kaya ba? Kun san halin da ake ciki na tsaro.

Shugaban Zaure: Ɗan Kurmi, a'a, kuma kada a sake kawo wannan tambaya a nan. Fitar da irin wannan kaya daga Amurka ba da lasisin gwamnati ba laifi ne mai kai mutum kurkukun tarayya. A Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin jerin haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Mun san raɗaɗin da ake ciki a gida, da yawanmu muna da 'yan uwa a Zamfara da Katsina, Allah ya kawo sauƙi. Amma zauren nan ba zai zama hanyar wannan ba. Haka nan masu tallar wasu bututu a intanet da sunan matatar mai ko kayan wanke bindiga, ku nisance su. Mallakar salansa marar rajista na iya jawo ɗaurin shekara 10, kuma wanda bai zama ɗan ƙasa ba, kora ce ke biyo baya.

Malamin Tarihi, Indiyana: Ku ba ni dama in sako wani abu da ya shafe mu. Wanda ya fara sayar da salansar bindiga a kasuwa, Hiram Percy Maxim, ya yi mata rajistar ƙirƙira a 1909. Mahaifinsa, Hiram Maxim, shi ne ya ƙera bindigar Maxim mai ruwan harsashi, irin wadda sojojin Ingila suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Mahaifin kuma ya kurmance a ƙarshen rayuwarsa saboda yawan gwajin bindigogi. Duk lokacin da na ji sunan gidan nan sai na tuna mahayan da suka fuskanci wannan bindiga a bayan ganuwar Sakkwato. Allah ya jiƙansu.

Baba Alhaji, Bronks: Amin ya Allah.

Abban Sadiq, Hustan: Amin. Malam Sani, a shago an tambaye ni ko da sunana zan yi rajista ko da sunan amanar iyali. Ban gane bambancin ba.

Malam Sani, Atlanta: In da sunanka ne, kai kaɗai ke da ikon riƙe ta. Wani zai iya harbawa kana tsaye a wurin, amma ba za ka ba shi aro ya tafi da ita ba, ko ɗan uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. In amanar iyali ce, duk wanda ka sa a matsayin mai kula zai iya riƙewa, amma tun 2016 kowannensu sai ya ba da hoto da zanen yatsu. In Maman Sadiq za ta san lambar akwatin, amanar ta fi kwanciyar hankali. In kai kaɗai ne, sunanka ya isa, kuma yakan fi saurin fitowa.

Game da wanne ake fara saya: ka tsayar da irin harsashi tukuna, sannan ka biya salansar a fara takardu, tunda ita ce mai jira. Bindigar a Teksas yawanci rana ɗaya ake gamawa.

Anti Nas, Dalas: Tunda .22 ake magana, a kula da dalma. Wannan harsashi yana da datti, yana tara dalma da toka a cikin salansa har ta ƙi kwancewa. Ka zaɓi wadda ake warwarewa, ka riƙa wanke ta da safar hannu, a gareji ko a waje, ba a kicin ba. Akwai wani haɗin ruwa da ake yaɗawa a intanet wai yana narkar da dattin. Abin da yake zama guba ce mai shiga ta fata, kada ka kusance shi. In ka dawo daga fili ka wanke hannu da fuska ka sauya riga kafin ka ɗauki Sadiq. Dalma a jinin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa.

Direban Tirela, Ohayo: Na sallama kan .22 ɗin, tunda don fili ne. Abu biyu daga gare ni. Salansa takan sassauto da kanta in ana harbi, kuma in ta karkace harsashi zai daki cikinta ya lalata ta. Ka riƙa cire harsasai, ka tabbatar bindiga babu komai, sannan ka duba ɗaurin. Kuma tana zafi sosai, kada ka cafke ta da hannu tsirara ko ka jefa ta cikin jaka nan take. In Ruger ta yi maka tsada, Taurus TX22 ma tana zuwa da abin ɗaura salansa a kwalinta, kuma ta fi araha.

Hajiya Maman Fadila, Minesota: Ni dai ra'ayina bai sauya ba, da so samu ne gidan da ke da yara babu bindiga a cikinsa sam. Amma tunda ka ƙudura, abu uku nake roƙonka. Akwatin ya riga bindigar shiga gidan. Harsasai a wani wurin daban a kulle. Kuma ka zauna da Maman Sadiq ku yi maganar nan sosai, in ta ce ba ta yarda ba, ka haƙura.

Abban Sadiq, Hustan: Na karɓi duka ukun Hajiya, Allah ya saka da alheri. Mun fara maganar da ita, sharaɗinta shi ne ita ma a koya mata yadda ake duba bindiga a tabbatar babu harsashi, don haka ta amanar iyali za mu bi. Ga yadda na tsara: likitan kunne, sai akwati, sai in je filin da ke ba da hayar Ruger Mark IV da TX22 in gwada su a hannuna kafin in zaɓa. Glock ɗin na ɗage ta zuwa gaba. Malam Sani, tsakanin Mask da Sparrow wacce ta fi sauƙin wankewa?

Malam Sani, Atlanta: Dukansu ana warware su. Sparrow cikinta guda ɗaya ne da marufi biyu da ke rungume shi, saurin cirewa gare ta, amma harbinta na farko yakan fi na bayansa ƙara saboda iskar da ke ciki. Mask ƙananan kofuna ne a jere, wankinta ya fi cin lokaci, harbin farkon kuma ya fi laushi. Saboda kunnenka, Mask zan ce. Ka sa dila ya kwance maka kowacce a kan tebur ka mayar da hannunka kafin ka biya, kuma ka ajiye kwafin takardar amincewar a waya da wani a cikin jakar da za ka riƙa zuwa fili da ita.